Sayen agogon hannu da kai shi gyara: yadda za ka shirya wa ranar komawa kanti

Ba a sanin halin mai sayar da agogo ranar ciniki. A ranar nan kowa mutumin kirki ne: za a ba ka kujera, a ɗaura maka agogon a hannu, a yaba yadda ya karɓe ka. Ranar da za ka san da wa ka yi hulɗa ita ce ranar da ka komo da agogon a aljihu, ya tsaya cik ko gilashinsa ya yi gumi ta ciki, kana neman wanda zai saurare ka. Duk abin da ke cikin wannan jagora shiri ne na wannan rana ta biyu, kuma yawancin shirin tun a rana ta farko ake yin sa, kafin kuɗi su bar hannunka.

Fara da sanin abin da ke cikinsa

Rigingimu da yawa da ake yi a bakin kanta ba laifin mai kanti ba ne, ba kuma laifin agogon ba. Mai saye ne bai san irin abin da ya saya ba.

Agogon batir, wanda ake kira kwatz, yana auna lokaci ne da wani ɗan ƙanƙanin dutse mai karkarwa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fito da irinsa kasuwa, mai suna Astron, ranar 25 ga Disamba 1969. Na yau da kullum kuskurensa kan tsaya wajen sakan 15 zuwa 20 a wata guda. Agogon inji kuwa, ko mai wani da hannu, wato wanda ake murɗa maɓallinsa a ɗaure sifirin ɗin cikinsa, ko otomatik wanda motsin hannunka ke yi masa wani, sifirin ne ke tura shi, kuma kuskurensa a kwana ake lissafa shi, ba a wata ba. Hukumar COSC ta Suwizalan, mai gwada agoguna na tsawon kwana 15 a kwanciya iri biyar da yanayin zafi iri uku, tana ba da shaidar ƙwarewa ga injin da bai yi lattin fiye da sakan 4 ko saurin fiye da sakan 6 a kwana ba. Waɗannan su ne zaɓaɓɓu. Injin Seiko mai lamba 4R36, wanda ke cikin agoguna masu ɗimbin yawa, abin da kamfanin ya rubuta a kansa shi ne saurin sakan 45 ko lattin sakan 35 a kwana. To in ka sayi irinsa, ka ga yana ƙara sakan 20 kullum, ka je kana tayar da jijiyar wuya, za a buɗe maka littafinsa a nuna maka cewa lafiyarsa lau.

Haka zancen tsayawa. Otomatik da yawa awa 38 zuwa 42 kawai suke iya yi a ajiye. Ka cire shi da yamma, ka bar shi kwana biyu, za ka tarar ya tsaya, kuma ba lalacewa ya yi ba. Akwai masu kai awa 70 ko 80. Saboda haka tambayoyi biyu na farko ga mai sayarwa su ne: kuskuren sakan nawa kamfanin ya amince da shi, kuma awa nawa yake yi in an ajiye shi? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ko ya ƙi ɗauko littafin ya duba, ka riga ka ga irin kulawar da za ka samu in ka dawo.

Daga hannun wa za ka saya

Hanya uku ce. Akwai wakilin da kamfani ya amince da shi, akwai dillalin da ke sayar da sabon agogo na asali ba tare da wakilcin kamfani ba, akwai kuma mai sayar da na hannu.

Wakilin kamfani ya fi tsada, amma abin da kake biya a kai shi ne garantin kamfani. Shekara biyu ita ce ta kowa da kowa a tsakanin manyan kamfanoni, ko da yake wasu sun tsawaita: Rolex ya mayar da nasa shekara biyar tun 2015, Omega ya bi sahu a 2018. Dillalin da ba wakili ba zai rage maka kuɗi sosai, agogon kuma na gaske ne, sai dai sau da yawa garantin da zai ba ka na kantinsa ne, ba na kamfani ba. Ba na cewa kada a saya a wurinsa. Ina cewa ka tambaye shi baki da baki: "Malam, in ya lalace wata shida nan gaba, wa zai gyara, a ina, kuma wa zai biya kuɗin aikawa?" In amsar ta yi maka, ka sa ya rubuta ta a jikin rasit.

Na hannu shi ne inda ake yawan sayen kifi a ruwa. Kwali da takardu ba hujja ba ne su kaɗai, domin masu buga jabu suna buga kwali da kati ma. Ka duba lambar jikin agogon ta dace da ta katin. In mai tsada ne, ka nemi a je wurin mai gyaran da kai ka zaɓa ya buɗe marfin baya ya ga injin. Akwai kuma rumbun bayanan agogunan sata da ake kira The Watch Register a Landan, inda ake biyan kuɗi kaɗan a bincika lambar agogo. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin a bincika kayansa.

Abin da za ka yi a bakin kanta

Kada fara'a ta sa ka yi garaje. Ka zaro maɓallin gefe ka juya hannayen agogon su zagaya sau biyu, ka ga kwanan wata ya canza kusa da ƙarfe goma sha biyu. Ka karkata gilashin a haske ka nemi ƙura ko ƙarzuwa. Ka tambayi irin gilashin: na roba yana saurin ƙarzuwa amma ana iya goge shi, na safaya da wuya ya ƙarzu amma in ya sha bugu mai ƙarfi yana iya tsagewa, na gilashin gama gari kuma yana tsakiya.

Sai katin garanti. A cike shi a gabanka, da kwanan wata da lambar agogo da hatimin kanti, ko a yi masa rajista a kwamfuta kana tsaye. Katin da ba a cike ba takarda ce kawai. In an rage maka tsawon sarƙa, ka karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana, don wata rana hannunka zai yi ƙiba ko ka so sayarwa, kuma sayen gaɓa ɗaya daga baya yana da ciwo. Kafin a rage ɗin ma ka tambayi ƙa'idar mayar da kaya, domin kantuna da yawa ba sa karɓar agogon da aka taɓa sarƙarsa ko aka ɓare ledarsa.

In ta intanet ka saya, ka ɗauki bidiyo tun daga yanka kwalin har fito da agogon, ba tare da katsewa ba. Dokar mayar da kaya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki ba tare da ba da dalili ba, a Birtaniya kuma dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a karɓi kuɗi. Ka san ta inda kake da ta inda kantin yake tun kafin ka biya.

Zancen ruwa

Nan zan ɗan daɗe, don babu abin da ke haɗa mai agogo da mai kanti faɗa kamar ruwa.

Rubutun "30M" ko "3 ATM" ko "3 BAR" a bayan agogo ba yana nufin za ka nutse da shi mita talatin ba. Gwaji ne da aka yi a ɗakin gwaji, agogon yana sabo, ruwan yana tsaye. A aikace, mai 30M na fantsamar ruwa ne da yayyafi da wanke hannu. Mai 50M ya ɗan fi, amma ni ba na ba da shawarar iyo da shi. Daga 100M ne ake iyo hankali kwance. Masu nutso kuwa suna da ma'auninsu daban, ISO 6425, wanda ke farawa daga mita 100. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce mutane da yawa ba a faɗa musu rariya suka saya ba.

Abin da ke hana ruwa shiga 'yan zobban roba ne a marfin baya, a maɓallin gefe, da gefen gilashi. Roba tana tsufa, tana bushewa, sabulu da turare da ruwan zafi suna hanzarta mutuwarta. Agogon da ya yi iyo lafiya bara ba lalle ne ya yi bana ba. In maɓallin naka mai murɗawa ne kamar noti, ka tabbata ka ɗaure shi bayan saita lokaci. Kada kuma ka danna kowane maɓalli a cikin ruwa sai in littafin ya ce ana yi. Abin da ya sa wannan ya shafi hulɗarka da kanti shi ne, in aka gwada agogon aka ga zobbansa lafiya, za a ce kai ka bar maɓalli a buɗe, garanti kuma ba zai biya ba.

In ka ga gumi a cikin gilashi wanda bai ɓace cikin 'yan mintuna ba, wannan ba abin jira ba ne. Tsatsa tana fara cin inji cikin kwanaki. Ka kai shi a buɗe a busar a ranar ko washegari.

Kafin ka kai gyara, duba da kanka

Wasu larurorin ba su kai a biya kuɗi a kansu ba. In hannun sakan na agogon batir ya koma tsalle bibbiyu ko hurhuɗu a lokaci ɗaya, sanarwa ce yake yi maka cewa batir ya kusa ƙarewa. Mai aiki da hasken rana, irin Eco-Drive na Citizen, in ya yi haka haske yake nema: ka ajiye shi inda rana ke shigowa na wasu kwanaki, ba inda zai yi zafi ba. Agogon inji da ya tashi dare ɗaya ya fara gudun minti biyu ko biyar a kwana, mafi yawanci maganaɗisu ne ya kama siririn sifirinsa, daga lasifika ko marfin jaka ko murfin kwamfutar hannu. Ka kusantar da shi ga kamfas mai nuna arewa, in allurar ta motsa, shi ke nan. Cire maganaɗisu aikin 'yan sakanni ne da wata ƙaramar na'ura, ba sai an buɗe agogon ba. Wanda ya ce maka sai cikakken sabis bai ko gwada wannan ba, ka nemi ra'ayi na biyu.

Kuma ka guji canza kwanan wata da maɓalli tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba a lokacin agogon, domin a sa'annan haƙoran canza kwanan suna cije da juna, ana iya karya su.

Wurin wa za ka kai

In garanti bai ƙare ba, kada ka bari kowa ya buɗe shi, ko da batir ne kawai, sai wanda kamfani ya amince da shi. Sawun makulli ɗaya a marfin baya ya isa a ce maka garanti ya faɗi.

In ya ƙare, zaɓi naka ne. Cibiyar kamfani tana da kayan gyara na asali, tana ba da garantin aiki, wanda a Rolex da Omega shekara biyu ne, amma tana da tsada, jira kan kai makonni ko watanni, kuma ba ka ganin wanda ke taɓa agogonka. Mai gyara mai zaman kansa za ka zauna da shi ku yi magana, ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauri. Sai dai manyan kamfanonin Suwizalan da dama ba sa sayar da kayan gyara ga wanda ba nasu ba, don haka ka tambaye shi kai tsaye daga ina zai samo abin da zai sa. Ka leƙa teburinsa. Tsabta, akwatunan da ke rufe ƙananan kaya daga ƙura, na'urar auna bugun inji, da na'urar gwada matsin ruwa, su ne shaidar mai sana'a. In ba shi da ta gwajin ruwa, ya kamata ya faɗa maka da bakinsa cewa bayan ya buɗe ba zai iya lamunce maka ruwa ba. Na fi yarda da mai faɗin haka a kan mai cewa "ba komai".

Ranar miƙa agogo

Wannan minti goman su ne mafi muhimmanci a duk lamarin. Ka ɗauki hoton agogon ta gaba, ta baya, ta gefe biyu da sarƙarsa, a kan kantar, mai karɓa yana kallo. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku duka. Ka karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da samfurin agogo, lambarsa, ƙarzuwar da ke jikinsa, abin da ka ce yana damunsa, da ranar da aka ce ka dawo.

Ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ya faɗi a kan siminti, in ka yi wanka da shi, in wani ya taɓa buɗe shi, faɗa. Mai gyara zai gani ko ba ka faɗa ba, ɓoyewar lokaci kawai za ta ci. Kuma "ba ya aiki daidai" ba bayani ba ne. Ka ce yana lattin minti ɗaya a kwana, ko yana tsayawa da dare in an kwantar da shi a gefe, ko hannun minti yana maƙalewa wajen ƙarfe huɗu.

Sai ka nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a fara, a raba abin da ya zama dole da abin da yake na ganin dama. Ka tambaya ko akwai kuɗin dubawa in ka ce ka fasa. Ka kuma sa a rubuta cewa in an tarar da wata ɓarna daban, a kira ka kafin a taɓa.

Abu biyu kuma sai ka furta su, in ba haka ba za a yi maka ba da saninka ba, da kyakkyawar niyya ma. Na farko gogewa. Goge jikin agogo don ya yi ƙyalli ƙarfe ake kankarewa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. A yi sau biyu sau uku, kusurwoyinsa sun dakushe. Na biyu canza fuska da hannaye. A tsohon agogo, musamman na gado, wannan dusashewar fuskar ita ce darajarsa, a kasuwa da kuma a zuciya. Mutane da yawa sun karɓi agogon mahaifinsu daga sabis yana walƙiya kamar sabo, suka ji kamar an musanya musu. Garin gyaran gira aka rasa ido. In ba ka so, a rubuta a takardar: ban da gogewa, ban da canza fuska. Ka kuma tambaya ko za a dawo maka da tsofaffin kayan da aka cire, don wasu cibiyoyin kamfani musanya suke yi, ba sa mayarwa.

Ko canjin batir, da ake gani ba komai ba, yana da nasa. Ni kaina na taɓa miƙa agogo a wani kanti aka canza min cikin minti biyu, na tafi ina murna da saurin aiki. Bayan mako guda na wanke hannu, sai ga gumi a gilashi. Ashe zoben robar ya zame lokacin rufe marfi, ya matse ya tsinke. Tun daga nan nake tsayawa in gani. Ka nemi batir mai sinadarin azurfa, wanda lambarsa ke farawa da SR, kamar SR626SW, ba mai farawa da LR ba, wanda ya fi araha amma ya fi saurin ƙarewa da yoyo. A duba zoben, a shafa masa man silikon ko a canza shi. Mataccen batir kuma kada ya kwana shekara a cikin agogo a durowa, yoyonsa kan cinye injin.

Cikakken sabis na agogon inji kuwa yana nufin a warware injin gaba ɗaya, a wanke, a canza abin da ya cinye, a haɗa, a sa mai iri daban daban a wuraren da suka dace, a daidaita, a canza zobba, a gwada kwanaki. Omega yana ba da shawarar yin sa duk shekara 5 zuwa 8, Rolex kimanin shekara 10. Wanda ya ce zai yi maka wannan ka dawo da yamma, ɗiga mai kawai zai yi.

Ranar karɓa da abin da ke biyo baya

Kada ka sa hannu kafin ka duba. Ka fito da hotunanka ka gwada. Ka kalli ƙarƙashin gilashi ko an bar ƙura ko sawun yatsa a fuska. Ka juya hannaye zuwa sha biyu ka ga sun haɗu daidai. Ka nemi sakamakon gwajin ruwa da na na'urar auna bugu. A injin zamani da aka gama yi wa sabis, an yi masa wani ya cika, yana kwance, lilon bugunsa, wato faɗin juyin da 'yar ƙafar da ke kai da komo a cikinsa ke yi, kan kasance wajen digiri 270 zuwa 310. In ka ga ya yi ƙasa da haka sosai, ka nemi bayani. Rasit ya lissafa aikin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, da tsawon garantin aikin.

Daga nan ka saita shi da lokacin wayarka, ka riƙa rubuta bambancin kowace safiya har kwana bakwai. Wannan 'yar takardar ita ce makaminka in akwai komawa.

In kuwa an koma ɗin, ka fara da wanda ya yi aikin, cikin natsuwa, ka ba shi dama ya gyara. Hannu ne, yana kuskure, kuma masu sana'ar kirki sukan karɓa ba gardama. In aka fara yi maka jeka ka dawo, ka daina magana da baki, ka koma rubutu: ranar da ka kawo, lambar takarda, abin da aka yi alkawari, abin da ka tarar, hotuna, da abu guda da kake nema, ko a sake aikin, ko a canza, ko a mayar da kuɗi, tare da wa'adi mai ma'ana kamar mako biyu. Zagi da barazana ba sa ƙara wa takarda nauyi, suna ba wa ɗaya ɓangaren abin fakewa ne kawai. In wakilin kamfani ne, ka aika kwafi ga ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin. In da kati ka biya, bankinka na iya samun hanyar ƙalubalantar biyan, kuma tana da wa'adi, don haka ka tambaya da wuri. Bayan wannan sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar da kake. Duk tsawon wannan lokaci kada ka kai agogon wani wuri a buɗe, domin da zarar hannu na uku ya shiga, na biyun zai ce ba shi ya ɓata ba.